Yadda Don Wendel Ya Guje wa Haraji

Rigimar farko da Don Wendel ya yi a Yanapal da Doña Clorinda ya yi ta, ya kuma sha kaye, kamar yadda duk wanda ya taɓa ja da Clorinda ya sha, har da mazajenta biyu, waɗanda yanzu suke hutawa a bayan coci.

A banki ne, ranar kasuwa. Layi biyu ake yi: dogo na masu sauran ƙarfi, gajere na tsofaffi da masu ciki. Muna tsaye a gajeren sai ga wani Bature dogo kamar falwaya, kumatu jajur, da gajeren wando da ƙauri irin na 'yan ƙwallo, ya zo ya shige gabanmu yana duba agogo. Clorinda, mai sayar da alalar masara a bakin dandali, ta ajiye kwandonta ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ɗana, wata nawa?"

"Na'am?"

"Cikin. Na ga ba tsufa ya kawo ka layin nan ba, to sai dai ciki."

"Ni mai ritaya ne, Señora," ya ce da guntun Sifaniyancinsa, yana daddatsa kalmomi kamar mai faskare.

"Shekararka nawa?"

"Arba'in da bakwai."

"Ina da siket da ya girme ka."

"Amma na daina aiki. A ƙa'ida..."

"Wannan layin na waɗanda aiki ya daina da su ne, ba na waɗanda suka daina da aiki ba. Buɗe baki mu gani."

Don rashin sanin mutane sai ya buɗe. Clorinda ta leƙa kamar mai sayen jaki, ta juyo gare mu.

"Cike yake fal. Mu takwas ne a layin nan, a tara namu duka ba za a haɗa bakinsa ba. Koma can baya, ɗana, ka yi ritayarka a tsaye."

Ya koma. Tun daga ranar ake kiransa Don Ritaya, har karnuka sun fi saninsa da wannan sunan.

Na san labarinsa ciki da bai domin ɗakunan bayan gidana ya kama haya, kuma bangon da ke tsakaninmu ba ya riƙe sirri. Wendel Prokop sunansa, daga wani gari na Kanada inda ƙanƙara ke rufe ƙofa rabin shekara. Shekara ashirin da biyar yana zaune gaban kwamfuta a kamfanin inshora, yana cin burodi iri ɗaya da tsakar rana, yana kashe fitila kafin matarsa ta gama karatu. Ya ƙudurta tun yana saurayi cewa zai tara ya ajiye aiki kafin furfura, ya tafi inda gwamnati ba za ta sa hannu a aljihunsa ba. Haraji shi ne dodonsa. In ya ambace shi sai muryarsa ta sauka, kamar yadda kakata take ambaton Shaiɗan.

"Wata biyar a kowace shekara gwamnati nake yi wa aiki, Doña Targelia," ya ce mini ranar da ya shigo da akwatunansa.

"Ni wata goma sha biyu na yi wa mijina, ko hanya bai gina mini ba," na ce.

Ya yi mini bayanin dabararsa. Kafin masu harajin ƙasarsu su sake ka, sai ka nuna musu ka tsinke duk igiyar da ta ɗaure ka da can. To ya tsinke. Ya sayar da gida, ya sayar da mota, ya kai wa yayarsa kare, har katin ɗakin karatu ya mayar. Matar ita ta riga ta sauƙaƙa masa aiki, tun da jimawa ta tsinke kanta ta tafi inda ake barin fitila a kunne.

'Ya'yana biyu sun tafi arewa ta cikin hamada, a kwance bayan motar kaya, don su samu su yi aiki, can kuma ana farautarsu kamar ɓeraye. Shi ya zo ta jirgin sama don kada ya yi aiki, aka ba shi kujera da kofi. Na daina neman fahimtar duniya tun ina da sauran haƙora.

Bizarsa ma abin kallo ce. Bizar 'yan fansho ba ta same shi ba, tun da fansho sai wanda ya tsufa. Sai ya ɗauki wadda ake bayarwa in ka kwantar da kuɗi mai kauri a banki ka bar su. Muddin kuɗin suna barci a bankin birnin Cuenca, shi ma yana da izinin barci a Yanapal. Ranar da ya tashe su, ya tashi kansa. Ya ƙi ɗaukar lauya don kada ya biya, ya riƙa jigilar takardunsa da kansa. Kafin ya samo mai fassara mafi araha, takardar 'yan sanda ta mutu. Kafin sabuwa ta iso, ta asibiti ta mutu. Ya kashe a kuɗin mota abin da zai ɗauki lauya biyu, amma ya dawo da katinsa yana murmushi, wai bai ba kowa ko sisi ba.

Daga nan ya zauna ya fara hutawa, kuma ban taɓa ganin mutum yana hutu da wahala irin haka ba. Da safe ya hau dutse a guje ya sauko, ba itace ya ɗebo ba, ba tunkiya ya ɓatar ba. Da rana ya duba waya ya ga ko kuɗinsa sun haihu. Ran Asabar ya tafi teburin Turawa a gidan kofi na dandali, inda Mista Curtis, wani mai jan wuya daga Arizona, yake shugabanci. Curtis ya zauna a ƙasa huɗu, a cikinsu babu harshen da ya iya cewa na gode. Hirarsu ɗaya ce kullum: wace ƙasa ce ba ta karɓar haraji, kuma me ya sa mutanen nan ba sa zuwa a kan lokaci.

A shekararsa ta farko Don Heriberto, shugaban kwamitin ruwa, ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da hula a hannu.

"Maƙwabci, ran Asabar akwai gayya, za mu yashe magudanar ruwa daga kan dutse. Kowane gida mutum ɗaya da shebur."

"Na yi ritaya."

"Ruwan bai yi ba, maƙwabci."

"Nawa ne in ban je ba?"

Heriberto ya faɗa masa tarar. Don Wendel ya ce ai wannan haraji ne aka sauya wa riga, shi kuwa ɗan haya ne, a tambayi mai gida. Ya rufe ƙofa. Ni na biya tarar, na ƙara masa ninkinta a kuɗin haya, na ce kuɗin kallon dutse ne ta taga. Wannan ya biya ba musu, tun da ba a kira shi haraji ba.

Haka ya shekara biyar a cikinmu kamar mai a kan ruwa. Bai je jana'izar kowa ba. Bai ci a gidan kowa ba, don kada a ce ya rama. Sai gwiwarsa ta dama ta gaji da guje-gujen banza ta ce ita ma ta yi ritaya.

Likita a Cuenca ya faɗa masa kuɗin aiki, ya dawo gida yana ɗingishi da ƙafa da zuciya. Ashe cikin igiyoyin da ya ce ya tsinke akwai wata 'yar siririya da ya naɗe ya ɓoye a aljihu: katin asibitin ƙasarsu, wanda mazauna can suke jinya da shi kyauta. Ya hau jirgi, ya ba da adireshin yayarsa, aka sa masa gwiwar ƙarfe, ya dawo yana ƙwanƙwasa ta da cokali a teburin Turawa.

"Kyauta," yake cewa. "Ko sisi."

Curtis har tafi ya yi masa. Wato ga masu haraji ya ce ya tafi, ga asibiti ya ce yana nan. Jemage ke nan, in an kira tsuntsaye ya nuna haƙori, in an kira dabbobi ya nuna fiffike. Bai yi tunanin wata rana ofisoshin biyu za su haɗu su yi hira ba.

Sun haɗu. Bayan shekara guda aka aiko masa da tambaya ɗaya cikin ladabi: kana nan ko ka tafi? In yana nan, to harajin duk shekarun da ya yi yana kallon dutsena yana jiransa, da tara a kai. Babu inda zai samo wannan sai cikin kuɗin da ke barci a Cuenca. In ya taɓa su biza ta faɗi, sai ya tattara ya koma cikin ƙanƙara ya nemi aiki yana da shekara hamsin da uku, a ƙarƙashin yaran da za su kira shi kaka. Na ji shi ta bango yana zagaye ɗaki, gwiwar kyauta tana ƙara kamar ƙyauren da ba a sa wa mai.

A karon nan ya ɗauki lauya, Doctora Maritza, wata 'yar ƙaramar mace da ba ta ɓata kalma. Ta ce kuɗin gwiwa kam sai ya mayar, wannan ba roƙo. Amma harajin shekarun, in ya iya nuna cewa rayuwarsa tana nan da gaske, ba akwatinsa kaɗai ba, akwai mafita. Wa ya san shi? Wace ƙungiya yake ciki? Wa zai tsaya ya ce wannan namu ne? Ya buɗe mata wayarsa. Dutse da safe, dutse da yamma, gajimare, farantin abinci da ya samu da araha.

"Señor Prokop," ta ce, "dutse ba ya ba da shaida."

Ranar ce ya fara zama a kicin ɗina. Na zuba masa miyar dankali, ya tambayi kuɗinta, na ce ya ci kafin in fasa.

"Doña Targelia, ke za ki iya cewa kin san ni."

"Na san kana tari sau uku kafin ka tashi, na san ba ka sayen sabulu sai an rage kuɗi. In rubuta musu wannan?"

"Ina bukatar wani abu na hukuma. Muƙami, ko suna a wata ƙungiya."

"Je ka ga Heriberto. Ka cire hula, ka tambayi lafiyar shanunsa kafin ka faɗi abin da ya kawo ka."

Ya je, na bi shi a baya, don irin wannan ba a barin a ba ka labari. Heriberto ya saurare shi yana shafa gashin baki. Shekarar nan kuwa an rasa wanda zai zama prioste, wato uban biki, na bikin San Isidro, waliyyin garinmu, domin duk masu 'ya'ya a waje sun riga sun yi nasu sun talauce.

"Akwai muƙami ɗaya da ya rage, maƙwabci," Heriberto ya ce a hankali. "Babu wanda ya fi shi a Yanapal. Fada zai kira sunanka a coci. A rubuta shi a bango, a ƙarƙashin na kakanninmu. Kai ne a gaba a kowane hoto."

"Nawa ake biya a samu?"

"A samu? Ko sisi."

Gaskiya ya faɗa. Samun kyauta ne.

Ran Lahadi Fada ya sanar. Coci ta ɗauki tafi, tsofaffi suka yi ta share hawaye, mahaucin gari ya rungume shi har ya ɗaga shi sama. Don Wendel ya ɗauki hoton sanarwar ya aika wa lauya tun kafin a idar da addu'a. A hanyar gida ya ce mini, "Ban san suna ƙaunata haka ba. Har mahauci."

"Musamman mahauci," na ce. "Zo ka zauna."

Na karanta masa abin da kowane yaro ɗan shekara biyar ya sani. Prioste shi ke ciyar da gari kwana uku, da baƙin gari, da baƙin baƙi. Shi ke kawo 'yan badujala su yi ta busa har leɓɓansu su kumbura. Hasumiyar wasan wuta, furannin coci, kyandir, sabuwar alkyabbar waliyyi, giyar masara tulu-tulu, sa guda, aladu, duk a wuyansa. Ina magana yana sauya launi, daga ja ya koma launin cuku.

"Zan janye."

"Janye. Lauyarka ta riga ta aika wa mutanenku cewa kai ne uban bikin gari. Sai ka sake rubuta musu ka ce wasa kake, irin na asibiti. Sannan ka nemi wanda zai ce ya san ka a garin da ka kunyata waliyyinsa. Ko karen Heriberto ba zai sa hannu ba."

"Ba zan iya taɓa kuɗin Cuenca ba."

"Na sani. Gaba kura, baya siyaki."

Na bar shi ya dahu kaɗan, sannan na gaya masa yadda talakawa suke yi, tun da ba wanda ya taɓa ɗaukar bikin nan shi kaɗai. Jocha muke ce masa. Ka gasa ɓeran masar, ka ɗora shi a kan dankali, ka riƙi kwalbar giya, ka je gidan mutum ka roƙe shi gudummawa da sunan waliyyi. In ya karɓi farantin ya ci, to ya ɗauki alkawari: wannan buhun dankali, wancan tunkiya, wani ya ɗauki 'yan badujala na yini ɗaya.

Na ga idonsa ya kawo haske, irin hasken da yake yi in ya ga an karya farashi.

"Ɓera ɗaya ya kawo tunkiya?"

"Yakan kawo har maraƙi. Amma ka tsaya ka ji sauran, domin duk wanda ya ba ka..."

Ya riga ya tashi neman hularsa. Ni kuwa ba na bin namiji da magana a guje, ban yi wa mijina ba.

Prioste mai hankali gida goma yake zuwa, na dangi da aminai, don ya san abin da yake ɗaura wa kansa. Don Wendel ya ga riba, sai ya bi garin kaf. Ya saye ɓerayen Yanapal har sai da aka shiga kawo su daga ƙauyuka. Ya hau har rugagen kan dutse da gwiwarsa ta ƙarfe, faranti a hannu, karnuka a baya. Kuma tun da ba a roƙon jocha daga bakin ƙofa, dole ya shiga, ya zauna, ya sha abin da aka miƙa masa, ya ji labarin ciwon bayan kowa da na ɗan da ya tafi Madrid bai ƙara kira ba. A wata biyu ya koyi Sifaniyancin da bai koya a shekara shida ba, har da zagi.

Gidan Clorinda ya bari ƙarshe. Ta bar shi tsaye a tsakar gida da faranti har dankalin ya huce.

"Wa nake gani kamar mai ciki?"

"Ni ne, Doña Clorinda. Na zo da sunan San Isidro."

"San Isidro manomi ne, ɗana. Da garma ya mutu a hannu. Ya san kai ne ka ɗauki bikinsa?"

"Ina jin an gaya masa."

"To ya yi haƙuri, ya ga fari ya ga ambaliya, wannan ma zai wuce." Ta fizge farantin, ta yage cinya ta kai baki. "Alalar kwana uku tawa ce. Ka iya rawa?"

"A'a."

"Za ka iya."

Bikin da aka yi shekarar nan har yanzu ana auna sauran da shi. Abinci ya yi yawa har mabarata suna zaɓe. 'Yan badujala ƙungiya biyu suka zo, suna busa wa juna gori daga kusurwa biyu na dandali. Da aka fito da waliyyi, da 'yan shanunsa na katako da sabuwar alkyabba, Don Wendel ne a gaban dama, sandar ɗaukar waliyyin a kafaɗarsa. Da yake ya fi sauran masu ɗauka tsawo da kai guda, nauyin duk ya gangara kan na baya, San Isidro ya zagaye gari a karkace kamar wanda ya riga kowa fara shan giyar. Aka ce masa ya rusuna. Haka mutumin da ya rantse ba zai sake ɗaukar kayan kowa ba ya zagaye Yanapal a durƙushe, da waliyyin ma'aikata a wuya, a kan gwiwar da ta jawo masa duk wannan. Da yamma Clorinda ta ja shi tsakiyar fili ta juya shi kamar muciya. An ɗauki hotuna sun fi ƙasa yawa, ko ɗaya babu dutse a ciki.

Doctora Maritza ta haɗa su da shaidar Fada da ta kwamitin ruwa, da ta mutanen da suka yi layi a ofishin Heriberto kowa yana son ya ce ya san shi. Ba su san me ake shaida ba, amma sun ci naman sansa. Aka aika, aka jira. Damina ta zo ta wuce. Ya sayar da kekensa mai tsada da injin kofinsa, ya koyar da 'ya'yan mahauci Turanci, ya haɗa ya mayar da kuɗin gwiwa. Sannan amsa ta zo: sun yarda ya tafi. Wanda ya ga hoton nan na rawa da Clorinda ya san mutumin ba zai ƙara amfanar wata ƙasa ba. Kuɗin Cuenca suka ci gaba da barci, biza ta zauna daram.

Ya faɗo kicin ɗina yana kaɗa waya.

"Na tsira, Doña Targelia. Yanzu babu mai bina komai a duniya."

"Allah ya sa," na ce, na ci gaba da firar dankali.

A makon nan ƙanin Heriberto ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da hula a hannu, da faranti, da kwalba. Shi ne prioste na shekara mai zuwa. Don Wendel ya ga gasasshen ɓera kyauta, ya zauna ya cinye tas, har ya suɗe yatsu. Sai da baƙon ya miƙe ya ce, "To maƙwabci, bara tunkiya na ba ka, na san ba za ka ba ni kunya ba," sannan ya gane abin da ya ci. Kowa ya ci ladan kuturu.

Jocha ba kyauta ba ce, biki ne, ana ramawa, kuma mai mutunci yakan ɗora wani abu a kai. Ba a bikin waliyyi kaɗai ba: aure, baftisma, rufin ɗaki, jana'iza, duk wanda ya taɓa ba ka yana da ƙofa a gidanka. Shi kuwa garin duka ya ci. Mutumin da ya ƙetare teku don ya tsinke igiya ya zo ya ɗaure kansa da kowane turke a Yanapal, da hannunsa, yana murna ya yi wayo.

Shekara huɗu ke nan bai huta ba. Shi ne uban baftismar yara biyar, kowannensu da ƙafa biyu masu girma kullum. Ba a gayya ba shi, shebur ɗinsa har ya yi santsi. An naɗa shi magatakardan kwamitin ruwa, shi ke bin gida-gida karɓar tarar waɗanda ba su fito ba, kuma ba a taɓa yin mai karɓa marar tausayi irinsa ba. Ya yi baƙi, ya yi tumbi, haƙori biyu sun tafi a kan gasasshiyar masara. Clorinda ta ce in ya ƙara zubar da shida za ta duba maganarsa ta layi. Ran da ruwan sama ya taso masa da ciwon gwiwa kuwa, ƙofata ba ta rufuwa: wannan da miyar kaza, wancan da man shafawa mai warin da ke korar ƙuda, kowa yana tambaya yaya ƙafar compadre, uban baftismar 'ya'yansu, ta kwana. Ba ƙauna zalla ba ce, ba ni da ruɗu a kan mutanenmu. Jarinsu suke dubawa.

Teburin Turawa ya daina zuwa, ba lokaci. Amma wata Asabar yana dawowa daga gayya, taɓo har gwiwa, da ɗan akuya a kafaɗa zai kai gidan wani biki, Curtis ya tare shi a gaban gidan kofi. Ni da Clorinda muna kan benci, kwandon alala a tsakaninmu. Da Sifaniyancinsa na dole Curtis ya yi maganar, don mu ma mu ji.

"Ga gwarzonmu. Ga wanda ya kayar da gwamnati. Wendel, na zauna na yi maka lissafi. Da tumakin nan, da takalman yara, da kwanakin da kake haƙa rami, abin da kake zubarwa a garin nan ya fi harajin da ka gudo wa."

"Na sani. Ni ma na yi lissafin."

"To kai ne mutum na farko da ya yi ritaya don ya zama jakin gari."

"Ina sauri, Curtis."

"Saurin kai wa wa? Sun mayar da kai saniyar tatsa. Ni shekara goma sha biyu ina yawo, babu gwamnatin da ta ga sisina, babu wanda ya san ƙofata."

"Wannan gaskiya ne," Clorinda ta ce da ni, ba a hankali ba. "Ran da ya mutu sai wari ya yi sanarwa."

Curtis ya yi kamar bai ji ba. "Ka amsa mini, Wendel. Mene ne bambancin? Can tatsa, nan tatsa."

Don Wendel ya gyara zaman ɗan akuyan a kafaɗarsa, ya dubi taɓon ƙafarsa, ya dubi Curtis.

"Can na biya shekara ashirin da biyar, sau ɗaya suka tambayi gwiwata, shi ma da takardar biya a hannu. Duk inda ka je tatsarka za a yi, Curtis. Ni dai na zaɓi inda ake shafa wa saniya baya kafin a kama nonon."